VLAN da tirank a suwic: yadda ake saita su da gano inda matsala take

VLAN wata dabara ce ta raba suwic ɗaya (na'urar da ake jona kwamfutoci a jikinta da kebul don su yi magana da juna) ya riƙa aiki kamar suwic da yawa, ba tare da an sayi sabon ƙarfe ko an ja wani kebul ba. A ƙa'ida duk na'urar da aka jona a suwic ɗaya tana jin ihun kowa, wato in kwamfuta ta aika saƙon gama-gari kamar na ARP (tambayar wace na'ura ce ke da adireshi kaza) ko na neman adireshi daga DHCP (mai raba wa na'urori adireshi) to sai ya shiga kowane fot, wato ramin da ake soka kebul. In kwamfutoci goma ne ba wani abu, amma in sun kai ɗaruruwa ga kyamarori ga wayoyin ofis ga baƙi masu hawa waifai, hayaniya ta yi yawa kenan, kuma kwamfutar baƙo tana iya leƙa ta mai lissafin kuɗin ofis. Da VLAN sai a ce fot kaza zuwa kaza na ma'aikata ne lamba 10, na kyamara lamba 20, na baƙi 30, kuma ɗan 10 ba zai ji ɗan 20 ba sai in an bi ta rauta, na'urar da ke haɗa hanyoyin sadarwa daban daban.

Tarihi da yadda alamar take

Ana danganta asalin tunanin da W. David Sincoskie wanda ya yi aiki a Bellcore a Amurka a shekarun 1980. Daga baya kowane kamfani ya fito da tasa hanyar ta sa wa saƙo alamar VLAN ɗinsa, Cisco ta yi ISL wadda ke naɗe firem (ƙunshin saƙon da ke tafiya a kebul) gaba ɗaya ta ƙara masa bait 30. A 1998 hukumar IEEE ta fitar da 802.1Q, ita kowa ke bi yanzu, ISL kam sai dai a tsofaffin na'urori.

802.1Q bait 4 kacal take cusawa a firem, daidai bayan adireshin MAC (lambar da na'ura ke zuwa da ita daga kamfani) na mai aikawa. Bit 16 na farko lamba ce tsayayya 0x8100 mai nuna cewa firem ɗin na ɗauke da alama, bit 3 na fifiko ne (shi ake amfani da shi don murya ta riga sauran kaya wucewa), bit 1 na nuna wanda za a iya zubarwa in hanya ta cushe, sai bit 12 na lambar VLAN ɗin kanta. Bit 12 na bada 4096, amma 0 da 4095 an ware su, saura 4094. Saboda wannan ƙarin ne babban firem ya tashi daga bait 1518 zuwa 1522. A Cisco daga 1 zuwa 1005 su ne na yau da kullum, 1002 zuwa 1005 an ajiye wa tsofaffin hanyoyin sadarwa na Token Ring da FDDI, 1006 zuwa 4094 kuma na ƙari ne. Manyan cibiyoyin data da 4094 ta yi musu kaɗan sun koma VXLAN mai bit 24, wajen miliyan 16.

Fot iri biyu

Fot ɗin akses na VLAN ɗaya ne, nan ake jona kwamfuta ko firinta, su ba su ma san da wata alama ba. Tirank kuwa shi ne kebul ɗin da ke tsakanin suwic da suwic, ko suwic da rauta, yana ɗauke da VLAN da yawa lokaci guda. Kamar motar kaya ce da ta ɗauko buhunan mutane daban daban, kowanne an rubuta sunan mai shi a jiki, in an isa a sauke a bai wa kowa nasa. Buhun da ba rubutu fa? To shi akwai wanda aka yi yarjejeniya a riƙa bai wa, shi ne natif VLAN, wanda daga kamfani yakan zo a kan lamba 1.

Saitawa a Cisco ba wuya. A rubuta vlan 10 sannan name MAAIKATA. A shiga fot ɗin kwamfuta a sa switchport mode access da switchport access vlan 10. A fot ɗin tirank a sa switchport mode trunk, sai switchport trunk allowed vlan 10,20,30. Wasu irin su Catalyst 3560 sai an fara sa switchport trunk encapsulation dot1q kafin su yarda, 2960 kam ba ta buƙata don dot1q kaɗai ta sani. In ana so VLAN su yi magana da juna sai a tsaga fot ɗin rauta gida gida kowanne da encapsulation dot1q da lambarsa da adireshinsa, ko kuma in suwic ɗin mai leya 3 ne (wato mai iya aikin rauta) a yi interface vlan 10 a kunna ip routing.

Inda abin ke lalacewa

Gaskiya yawancin matsalar tirank ba ƙarfe ne ya mutu ba, gefe biyun ne ba su daidaita ba. Shi ya sa masu aikin ke farawa da show vlan brief su ga ko VLAN ɗin ma yana nan kuma fot ɗin na cikinsa, sannan show interfaces trunk a duka suwic biyun, ba ɗaya ba. Wannan umarni na biyu yana fito da jeri uku a ƙasa: waɗanda aka bari su wuce, waɗanda aka bari kuma suna raye a suwic ɗin, da waɗanda STP (mai toshe wasu hanyoyi don kada saƙo ya yi ta zagaye tsakanin suwic) ta sake su suna tafiya. Lambar da ta fito a jerin farko ta ɓace a na biyu, ba a ƙirƙire ta a wannan suwic ba kenan, abin da ake yawan mantawa a suwic na tsakiya wanda ba kwamfuta ko ɗaya a jikinsa amma dole kaya su ratsa ta cikinsa.

Kuskuren da ya fi yin suna shi ne na kalmar add. Mutum na so ya ƙara VLAN 40, sai ya buga switchport trunk allowed vlan 40 maimakon switchport trunk allowed vlan add 40, nan take 10 da 20 da 30 duk sun goge daga jerin, kuma in ta wannan kebul ɗin ya shiga suwic ɗin daga nesa to shi ma ya kulle kansa a waje, sai ya ɗauki kebul ɗin konsol ya taka zuwa inda suwic ɗin yake.

Sai saɓanin natif, nan 1 can 99. Firem marar alama ya fita a matsayin ɗan 1 ya sauka a matsayin ɗan 99, Cisco kan yi ta ƙorafi da saƙon %CDP-4-NATIVE_VLAN_MISMATCH. Akwai kuma batun tsaro a nan, ɓarawo na iya lafta alama biyu a firem, suwic na farko ya cire ta waje, ta cikin ta kai shi VLAN ɗin da ba nasa ba, dan haka ake maida natif wata lamba da ba kowa a kanta. DTP, wadda suwic biyu ke amfani da ita su daidaita tirank da kansu, ita ma na da nata rigimar: in gefe biyun duk suna dynamic auto kowa jiran ɗan'uwansa yake, tirank ba zai taɓa tashi ba. Gara a sa shi da hannu a bi shi da switchport nonegotiate.

VTP kuwa, wadda aka yi don a ƙirƙiri VLAN a wuri ɗaya ya bazu ko'ina, ita ce mai ɓarna babba. Suwic duk wanda lambar gyaransa (mai ƙaruwa duk lokacin da aka taɓa VLAN) ta fi girma shi ake bi, dan haka in aka ɗauko wani tsoho daga sito mai sunan yankin VTP iri ɗaya aka jona, yana iya share VLAN na ginin gaba ɗaya, fitilun fot su koma ruwan lemo. A lura write erase, umarnin goge saitin suwic, ba ya taɓa fayil ɗin vlan.dat mai ajiye jerin VLAN da ke cikin filash, suwic na hannu sai an yi masa delete flash:vlan.dat kafin a amince da shi. Da yawa kawai transparent suke sa VTP, wato kowane suwic ya riƙe nasa VLAN, su huta.

In tirank lafiya amma kwamfuta ta tashi da adireshi mai farawa da 169.254, DHCP ne bai isa gare ta ba, a duba ko an sa ip helper-address (mai miƙa saƙon neman adireshi ga DHCP) a ƙofar wannan VLAN ɗin, wato interface vlan ɗinsa ko gidansa a rauta. In har yanzu shiru, show mac address-table zai nuna a wane fot da wane VLAN suwic ya koyi adireshin na'urar, sai a bi shi suwic bayan suwic har inda ya daina fitowa.