Littattafan rikicin Arewacin Ailan: me ya sa har yanzu suke tada ƙura?

Wane rikici ne wannan?

Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa sulhun 1998, an kashe mutum sama da 3,500 tsakanin masu son ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya, galibi 'yan Furotesta, da masu son haɗewa da Jamhuriyar Ailan, galibi 'yan Katolika.

Wane littafi ne ya fi jan hankali?

*Say Nothing*, na ɗan jaridar Amurka Patrick Radden Keefe, wanda ya fito a 2018, ya kuma ci kyautar Orwell a 2019. Ya bi sawun Jean McConville, uwar 'ya'ya goma da mijinta ya rasu ya bar mata. A Disamba 1972 'yan IRA, ƙungiyar mayaƙa masu son haɗewa da Jamhuriyar Ailan, suka kutsa gidanta a Belfast, babban birnin Arewacin Ailan, suka fita da ita yara na kallo. An zarge ta da kai wa sojojin Birtaniya rahoto, amma binciken hukuma a 2006 bai sami wata hujja ba. Sai a 2003 aka tsinci gawarta binne a bakin teku.

Ina marubuta suka samo sirrin cikin IRA?

Nan ne gizo ke saƙa. Jami'ar Boston College ta naɗi muryoyin tsofaffin mayaƙan ɓangarorin biyu, bisa alƙawarin ba wanda zai ji sai bayan mai maganar ya mutu. Brendan Hughes, tsohon kwamandan IRA, ya rasu a 2008, sai ɗan jarida Ed Moloney ya buga kalamansa a *Voices from the Grave* a 2010. A ciki Hughes ya ce Gerry Adams, tsohon shugaban jam'iyyar Sinn Féin mai son haɗewa da Jamhuriyar Ailan, shi ne ya ba da umarnin ɗauke McConville. Daga 2011 'yan sandan Arewacin Ailan suka bi ta kotunan Amurka har suka karɓi wasu kaset-kaset ɗin. A 2014 aka tsare Adams kwana huɗu, aka sake shi ba tuhuma. Shi dai ya musanta zargin, yana cewa bai taɓa zama ɗan IRA ba. A ganina babbar asara ce, domin bayan karya wannan alƙawari da wuya wani tsohon mayaƙi ya sake buɗe baki.

Iyalan mamatan fa?

Ba duka suka ji daɗi ba. Da aka mayar da littafin Keefe fim mai dogon zango a 2024, wani ɗan McConville ya fito ya ce kisan mahaifiyarsa ba abin nishaɗi ba ne. Marian Price, tsohuwar 'yar IRA wadda aka nuna a fim ɗin ita ta harbe McConville, ta musanta, ta kuma kai kamfanin Disney ƙara.