Ƙungiyar da ba ta neman riba ma doka na jiran lissafinta

A jihar Tawa ta Nijar, kuɗin ƙungiyoyin kiwon lafiya ba a gadon majinyaci kaɗai suke tsayawa ba. Asibitin Galmi, da mishan ɗin SIM ya buɗe a 1950, ya daɗe yana riƙe da tattalin arzikin garin: ma'aikatan jinya, masu gadi, mata masu tuwo a bakin ƙofa, direbobin da ke kwaso marasa lafiya daga Madawa da Ƙonni har da ƙetaren iyakar Najeriya. Haka abin yake duk inda wata ƙungiya ta kafa ofis. Za ta kama hayar gida, ta yi hayar mota, ta sha mai, ta ɗauki ma'aikata. Tunda dukiya mai yawa ke bi ta wannan hanya, doka ta sa mata ido, kuma shugabannin ƙananan ƙungiyoyi da dama ba su san iyakar abin da ke wuyansu ba.

Tushen maganar shi ne doka mai lamba 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984, wadda aka gyara a 1991. Ita ta ce ƙungiya haɗuwar mutane ce don wata manufa da ba raba riba ba. A lura da kyau: rabawa aka hana. Ƙungiya na iya karɓar kuɗin ganin likita, ta sayar da magani, har kuɗi su yi saura a ƙarshen shekara. Abin da ba ta da iko shi ne ta kasa wannan saura tsakanin mambobinta. Dole ya koma cikin aiki. Kafin a fara komai kuwa, sai an ajiye takardun kafa ƙungiya wurin hukuma, ministan cikin gida ya ba da izini, a buga sanarwa a jaridar gwamnati. Dokar ta haramta ƙungiyar da aka gina kan ƙabila ko ɓangaranci. Izinin kuma ana iya karɓe shi, kamar yadda aka janye na ƙungiyoyin agaji Acted da APBE a watan Nuwamba 2024.

Sabon abin da ya fi shafar aikin yau da kullum shi ne tsarin lissafi na OHADA, ƙungiyar ƙasashe 17 masu dokar kasuwanci iri ɗaya. A Yamai aka amince da shi ranar 22 ga Disamba 2022, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2024, ana kiran sa SYCEBNL. Ya kasa ƙungiyoyi gida biyu. Wadda kuɗin da ke shigo mata ta kowace kafa, kamar tallafi ko gudummawar mambobi ko kyauta, bai haura miliyan 30 na sefa a shekara ba, tana iya bin ƙaramin tsari na shiga da fitar kuɗi. Wadda ta wuce haka sai cikakken tsari: jadawalin dukiya da bashi, na abin da aka samu da abin da aka kashe, na zirga-zirgar kuɗi, da bayanan da ke raka su. Shekarar lissafi daga 1 ga Janairu ce zuwa 31 ga Disamba. Ɗaukar mai binciken lissafi daga waje yana zama tilas da zarar ɗaya cikin uku ya faru: dukiyar ƙungiya ta haura miliyan 100, ko kuɗin shigarta na shekara ya haura miliyan 200, ko ma'aikatanta na dindindin sun wuce 20. Wannan na ƙarshe shi ke kama mutane ba shiri, don cibiyar lafiya mai ungozoma, masu jinya, mai ɗakin magani, masu shara da masu gadi kan wuce ashirin tun kuɗinta ba su kai ko'ina ba.

Akwai kuma rajistar masu ba da kyauta. Littafi ne da hukumar shari'a ke sa wa shafukansa lamba da hannu, a riƙa rubuta ranar kyauta, sunan mai bayarwa, adireshinsa, nawa ya bayar, kuma ta wace hanya. Alhajin da ya miƙa jika 500 a hannu bayan sallar Juma'a don a sayi magani, sunansa na shiga kamar yadda na babban mai tallafi daga Turai ke shiga. Rashin wannan rajista, da ƙin fitar da lissafin shekara, da fitar da na ƙarya da gangan, duk laifuffuka ne da ke hawa kan shugabanni su kansu.

Inda ƙungiyoyin lafiya suka fi tuntuɓe shi ne kyautar kaya. Ɗauki abincin yara masu tamowa, Plumpy'Nut, wanda kamfanin STA ke sarrafawa a Yamai. Katan ɗaya na ɗauke da ƙunshi 150, kowane giram 92, kuma kusan katan guda ke warkar da yaro ɗaya cikin makonni shida zuwa takwas. Idan aka sauke katan 200 a rumbun ajiya, ko dala ba ta shiga banki ba, amma dukiya ta shigo. Dole a yi mata kima a rubuta ta, a buɗe mata katin ajiya mai nuna ranar shiga, lambar rukuni, ranar lalacewa, da kowace fita tare da sa hannun wanda ya karɓa. A ƙarshen shekara a ƙirga da hannu a gwada da takarda. In kati ya ce saura katan 40, aka tarar da 34, to maganin yara shida ne ya yi ɓatan dabo, kuma sau da yawa a teburin mai kanti a kasuwa ake ganin ƙunshin. Ni a ganina wannan kati ya fi kowane rahoto mai launi faɗin gaskiyar ƙungiya.

Kuskure na biyu shi ne gauraya kuɗi. Abin da mai tallafi ya ware don rigakafi a Keita ba a biyan hayar ofis a Tawa da shi, ko da niyyar mayarwa. Tsarin ya buƙaci a bi sawun irin waɗannan kuɗi daban.

Maganar haraji: rashin neman riba ba ya yafe wa ƙungiya komai kai tsaye. Sassaucin duwan da na haraji ta yarjejeniyar da ƙungiya ta sa wa hannu da gwamnati yake zuwa, kuma sai an nema. Magani ko motar da ta shigo da sassauci ba ta sayarwa ba ce. Harajin albashi kuwa ƙungiya ke cire shi ta kai wa hukuma.

Dokar aiki ta 2012 ma tana kanta kamar kowane kamfani. Mafi ƙarancin albashi jika 42 ne tun Janairu 2024. A CNSS, asusun fansho da kariyar ma'aikata, ma'aikaci na zuba kashi 5,25 cikin ɗari, mai ba da aiki 16,40. Wato a albashin jika 100, ana cire wa ma'aikaci sefa 5.250, ƙungiya ta ɗora 16.400 daga aljihunta. Wanda ya manta wannan ɗori lokacin rubuta kasafin aiki, bashi zai tara wata bayan wata. Kiran mutum “ɗan sa-kai” kuma ba ya fid da ƙungiya, muddin kullum yana zuwa, yana bin umarni, ana biyan sa duk wata. Idan tallafi ya ƙare aka sallame shi hannu rabbana, yana da hakkin kai ƙara wurin sufeton aiki.

Su ma ƴan kasuwar gari abin ya shafe su. Mai binciken lissafi ba ya karɓar guntuwar takardar da aka yago daga littafin makaranta. Faktir yake so mai kwanan wata, bayanin kaya, da lambar haraji ta NIF. Shi ya sa kafinta a Illela ko mai gero a Buza kan rasa ciniki, a ba wani daga Yamai ko da nasa ya fi tsada. Duk mai son sayar wa ƙungiya kaya, ya fara zuwa ofishin haraji ya karɓi NIF, ya buɗe asusun banki da sunan sana'arsa, ya kuma tanadi takardar farashi, don yawancin masu tallafi suna neman a gwada farashin mutum uku kafin a yi babbar sayayya.