Tafkin tare ruwan sama da yadda ake auna girmansa

Tafkin tare ruwan sama rami ne mai faɗi da ake haƙawa a cikin gari domin ya riƙe ruwan da ke gangarowa daga rufin kwano, kwalta da daɓen siminti, sannan ya riƙa sakinsa sannu a hankali ta ƙaramin bututu zuwa lambatu ko rafi. Da rani a bushe yake. Wannan ne ya bambanta shi da kududdufan da haƙar kuza ta bari a Jos, waɗanda ba su da mafita kuma ruwa ke kwana a cikinsu duk shekara.

Lissafin girmansa yana farawa ne daga ƙasar da ke zuba masa ruwa. Idan aka yi ruwan sama na milimita 50 a kan hekta ɗaya, lita 500,000 ce ta sauka. Filin ciyawa yakan shanye mafi yawanta, wataƙila kashi 20 cikin 100 ne zai gangara, amma in an malale filin da siminti sai kusan kashi 90 ya kwararo, wato lita 450,000, kuma cikin ɗan lokaci. A Jos, inda duwatsu da gangara suka yi yawa, saurin ya fi haka. Mutanen unguwannin Rikkos da Gangare na Jos sun ga ƙarfin irin wannan ruwa a ambaliyar watan Yulin 2012, wadda ta ci rayuka da dama.

Injiniyoyi kan zaɓi ruwan da za su yi wa tanadi daga alƙaluman ruwan sama irin waɗanda hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, ke tarawa: na shekara 10, 25 ko 100. Ruwan shekara 100 yana nufin wanda yiwuwar saukarsa kashi 1 ne cikin 100 a kowace damina, don haka yana iya zuwa shekara biyu a jere. Girman tafkin shi ne bambancin abin da ke shiga da abin da ke fita a lokacin da ruwan ya fi taruwa. Sau da yawa ruwan da ya daɗe yana zuba ya fi mamakon minti 20 cika tafki, shi ya sa ake gwada tsawon lokuta daban-daban.

Bakin bututun fita ne ake yawan rainawa, alhali shi ne ke juya komai. In ya yi faɗi, ruwan zai wuce kamar ba a haƙa komai ba. In ya yi ƙunci, ruwa zai kwanta, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa, shi ya sa ake so tafkin ya tsiyaye cikin awa 72. Tafkin da ya wuce kima kuwa asarar fili ne da kuɗi.

Ana kuma barin sarari saboda yashi, laka da ledojin da ruwa ke kwasowa, domin su ne ke cinye zurfin tafki su toshe bututu. A gefe ana gina hanyar malala ta gaggawa, wadda ruwa zai bi in tafkin ya cika, gaɓar kuma a kwantar da ita yadda yaron da ya faɗa zai iya hawowa.