Ma'anar aron ɗan wasa: yadda Galatasaray ta ci kofi biyu da ɗan ƙwallon da ba nata ba

Duk mai bibiyar labarin wasanni ya saba jin an ce wane ya tafi ƙungiya kaza a matsayin aro, ko kuma zai buga mata wasannin aro zuwa ƙarshen kaka. Abin da ake nufi shi ne ƙungiyar da ke riƙe da kwantiragin ɗan wasa ta amince ya je ya buga wa wata ƙungiya ƙwallo na wani ƙayyadadden lokaci, ba tare da ta sayar da shi ba. Rajistarsa ce take komawa sabuwar ƙungiyar na ɗan lokaci, amma kwantiraginsa na asali yana nan daram, kuma da zarar wa'adin ya cika zai koma inda ya fito, sai fa idan an ƙulla wani sabon ciniki. Dole ne ɓangarori uku su sa hannu, wato ƙungiyar da ke bayarwa da wadda ke karɓa da shi ɗan wasan kansa, domin ba a tura ɗan ƙwallo aro ba da yardarsa ba.

Sai dai wannan aron ba irin na maƙwabta ba ne, ya fi kusa da haya, domin kuɗi ne ke tafiyar da shi. Sau da yawa ƙungiyar da ta karɓa takan biya kuɗin aro, sannan a zauna a tsara wanda zai riƙa biyan albashi: wani lokaci mai karɓa ce ke ɗaukar nauyinsa gaba ɗaya, wani lokaci a raba, wani lokacin kuma ƙungiyar asali ta ci gaba da biyan kaso mai tsoka saboda kawai tana son ta rage nauyin da ke kanta. Abin ya yi kama da wanda ya ba da saniyarsa kiwo: mai kiwon ne ke ciyar da ita yana shan nono, amma idan ta yi ƙiba ta ƙara daraja a kasuwa, ribar ta mai saniya ce.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya FIFA ta ƙara tsaurara dokokin aro daga ranar 1 ga Yuli 2022, bayan ƙorafin da aka daɗe ana yi cewa manyan ƙungiyoyi na tara 'yan wasan da ba su da buƙatarsu suna rarraba su ko'ina. Yanzu tilas yarjejeniyar ta kasance a rubuce, wa'adinta kada ya wuce shekara ɗaya ko da yake ana iya sabunta shi, kuma kada ya gaza tsawon lokacin da ke tsakanin buɗe kasuwar cinikin 'yan wasa da sake buɗe ta. An haramta wa ƙungiyar da ta aro ɗan wasa ta sake ba da aronsa ga wata. Ba a yarda ƙungiya ta ba wa ƙungiya ɗaya aron 'yan wasa fiye da 3 a lokaci guda ba. Yawan waɗanda za a iya bayarwa ko karɓa daga ƙetare kuwa an riƙa rage shi a hankali, daga 8 zuwa 7, har ya tsaya a 6 daga Yulin 2024, ban da matasan da ƙungiya ta raina da kanta.

A Ingila ko Jamus, idan aka ambaci aro, abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne matashin da bai samu gurbi ba aka tura shi ƙaramar ƙungiya ya je ya goge. A Turkiyya al'amarin ya sha bamban. Manyan ƙungiyoyin ƙasar, wato Galatasaray da Fenerbahce da Besiktas da Trabzonspor, suna da magoya baya masu zafin so waɗanda ba sa jin hanzari, suna kuma da burin da ya fi ƙarfin aljihunsu. Mafi yawan kuɗin shigarsu da lira ne, wadda darajarta ta yi ta faɗuwa a 'yan shekarun nan, alhali kwantiragin baƙin 'yan wasa da Yuro ake rubuta shi, ga kuma tulin bashin bankuna. Saboda haka aro ya zame musu hanyar samun fitaccen ɗan wasa ba tare da biyan farashinsa nan take ba. Akwai kuma wata dama da suke da ita: kasuwar 'yan wasa ta Turkiyya takan rufe bayan ta manyan ƙasashen Turai, don haka duk wanda cinikinsa ya wargaje a ranar ƙarshe a Landan ko Milan, Istanbul ce ƙofar da ta rage masa a buɗe. Wani abin da ke taimaka wa mai son fahimtar waɗannan cinikayya shi ne ƙungiyoyin huɗu duk suna cikin kasuwar hannun jari ta Istanbul, doka ta tilasta musu sanar da masu zuba jari muhimman yarjejeniyoyinsu ta dandalin da ake kira KAP, shi ya sa ake sanin alƙaluman da ƙungiyoyin wasu ƙasashe ke ɓoyewa.

Babu misalin da ya fi bayyana wannan kamar zuwan Victor Osimhen Galatasaray a kakar 2024/25. Ƙungiyar ta fara kakar da ƙafar hagu: Besiktas ta lallasa ta da ci 5-0 a wasan buɗe kaka a watan Agusta, sannan Young Boys ta Suwizalan ta doke ta gida da waje ta hana ta shiga gasar Zakarun Turai. A can Italiya kuma dangantaka ta yi tsami tsakanin Osimhen da Napoli, ƙungiyar da ya ci wa ƙwallo 26 a Serie A lokacin da ta lashe gasar a 2023, shekarar da aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Sabon koci Antonio Conte ya ɗauko Romelu Lukaku, cinikin da ake yi da Chelsea da Al-Ahli ta Saudiyya ya rushe a ranar 30 ga Agusta da aka rufe kasuwa, Napoli kuma ta cire sunansa daga jerin 'yan wasanta. Ke nan ɗan wasan da ke kan ganiyarsa yana shirin zaman gida har watan Janairu, ƙungiyarsa na biyan albashi mai yawa ga wanda ba ya buga mata wasa, darajarsa kuma na raguwa kullum.

Kasuwar Turkiyya ba za ta rufe ba sai 13 ga Satumba, Galatasaray kuwa ba ta yi sanya ba. Dubban magoya baya suka yi dafifi a filin jirgin sama na Istanbul da tsakar dare suna jiran saukarsa, aka kuma sanar da yarjejeniyar a ranar 4 ga Satumba. Bisa sanarwar ƙungiyar, ba ta biya Napoli kuɗin aro ba, ta dai ɗauki nauyin biyansa Yuro miliyan 6 a kakar bayan an cire haraji. Napoli a nata ɓangaren ta tsare kanta ta hanya biyu: ta samu damar tsawaita kwantiraginsa zuwa 2027 don kada ya kusanci tafiya kyauta, sannan aka sauko da farashin da aka gindaya masa zuwa Yuro miliyan 75. Abin da ba a saka cikin takardar ba shi ne zaɓin saye, kuma rashin wannan sharaɗi ne ya yi wa Galatasaray tsada daga baya.

A fili dai aron ya biya. Ranar 7 ga Nuwamba Osimhen ya zura ƙwallo biyu a ragar Tottenham a wasan gasar Europa da aka tashi 3-2, kuma a wannan daren ne ɗan wasan gaban Galatasaray Mauro Icardi ya samu mummunan rauni a gwiwa wanda ya ƙarasa masa kakar. Daga nan nauyin cin ƙwallo ya koma kan ɗan aro. Tafiyar Turai ta ƙare a watan Fabrairu a hannun AZ Alkmaar ta Holan, amma a gida ƙungiyar koci Okan Buruk ta yi abin da ba kasafai ake gani ba: a wasa 36 na Super Lig ta ci 30, ta yi canjaras 5, sau ɗaya tak aka doke ta, Besiktas ce kuma ta yi hakan. Ta gama da maki 95, Fenerbahce ta José Mourinho na biye da 84. A wasan kusa da na kusa da na ƙarshe na kofin Turkiyya, Osimhen ne ya ci duka ƙwallaye biyun da aka fitar da Fenerbahce a gidanta, wasan da mutane suka fi tunawa da shi saboda Mourinho ya kama hancin Buruk bayan an tashi. Ya sake cin biyu a wasan ƙarshe ranar 14 ga Mayu da aka doke Trabzonspor 3-0. Ya kammala da ƙwallo 26 a lig, 37 a dukkan gasanni, ya karya tarihin ƙwallo 34 da Mário Jardel ya kafa na baƙon da ya fi ci wa ƙungiyar ƙwallo a kaka ɗaya. Wannan ne kofin lig na 25 ga Galatasaray, wanda ya ba ta damar ɗora tauraro na biyar a rigarta, tun da a Turkiyya kowane kofi biyar tauraro ɗaya ne.

A ganina, wanda ke son sanin haƙiƙanin abin da aro yake nufi a kowane ciniki, sai ya duba abin da aka rubuta game da ranar da wa'adi zai cika. Akwai aro zalla, irin na Osimhen, inda mai karɓa ba ta da wani haƙƙi a kan ɗan wasan bayan kakar. Akwai aro da zaɓin saye, inda ake yanke farashi tun farko, mai karɓa ta saya idan ta ga dama, mai bayarwa kuma ba ta da ikon ƙara ko sisi duk yadda ɗan wasan ya haskaka. Osimhen kansa ya taɓa bi ta nan. Bayan ya kasa cin ƙwallo ko ɗaya a Wolfsburg, an ba da aronsa ga Charleroi ta Beljiyam a 2018 da zaɓin saye, ya ci ƙwallo 20, Charleroi ta saye shi a kan ɗan ƙaramin farashin da aka yanke, cikin 'yan makonni ta sayar wa Lille a kan kuɗin da ya ninka abin da ta biya. Wolfsburg ce ta tafka asara.

Nau'i na uku shi ne aro da sharaɗin saye na tilas, wanda a zahiri ciniki ne da aka jinkirta biyansa zuwa kasafin shekara mai zuwa. Sau da yawa akan rataya tilascin a kan wani abu, kamar yawan wasannin da ɗan wasan zai buga, kuma a nan ne lissafin ofis ke shiga cikin zaɓen koci. A 2023 Galatasaray ta aro mai tsaron baya Angeliño daga RB Leipzig, da sharaɗin cewa idan ya buga wasa 20 dole ta saye shi a kan Yuro miliyan 6. Da ya kai wasa 19 sai aka daina sa shi, a watan Janairun 2024 aka warware yarjejeniyar ya wuce Roma. Ɗan wasan da ke cikin irin wannan hali yana iya zaman benci da ƙoshin lafiyarsa, ba don ya yi laifi a fili ba.

Dokar hana sake ba da aro ita ma ta nuna kanta a ƙungiyar. Álvaro Morata ya zo daga AC Milan a farkon Fabrairun 2025 a kan kuɗin aro Yuro miliyan 6, wa'adinsa zuwa Janairun 2026. Da Como ta neme shi a watan Agusta, Galatasaray ba ta da ikon miƙa shi da kanta, sai da aka soke yarjejeniyarta da Milan tukuna, sannan Milan ta ba wa Como aronsa.

Ga ɗan wasa, aro na iya zama tsani, yana kuma iya zama yawon da ba ya ƙarewa. Everton ta sayi Henry Onyekuru a 2017, amma rashin takardar izinin aiki a Ingila ya hana shi buga mata wasa ko ɗaya. Ta tura shi Anderlecht, sannan Galatasaray a kakar 2018/19, inda ya ci ƙwallo 14 a lig ya taimaka aka ɗauki kofi. Monaco ta saye shi, ita ma ta mayar da shi Istanbul aro a Janairun 2020 da kuma Janairun 2021. Sau uku ya sa rigar ƙungiyar, magoya baya na ƙaunarsa, amma ba ta taɓa mallakarsa ba. Icardi ya fi shi sa'a, domin bayan aron kaka ɗaya daga Paris Saint-Germain, Galatasaray ta saye shi a 2023 a kan Yuro miliyan 10, haka ma Paul Onuachu, wanda Trabzonspor ta aro daga Southampton a kakar 2023/24 ta kuma saye shi a 2025.

Da kakar ta ƙare, Osimhen ya koma zama ɗan wasan Napoli a takarda, kuma duk ƙwallon da ya ci a Istanbul ƙarfafa hannun Napoli ya yi wajen ciniki. Tun da babu zaɓin saye, Galatasaray ta shiga layi tare da sauran masu nema, ciki har da Al-Hilal ta Saudiyya, ba ta da wata fifiko sai amincewar ɗan wasan. An shafe makonni ana ja-in-ja a kan yadda za a biya kuɗin da kuma lamunin banki, kafin a sanar a ranar 31 ga Yuli 2025 cewa ta saye shi a kan cikakken Yuro miliyan 75, da kwantiragin shekara huɗu da albashin Yuro miliyan 15 a kowace kaka. Ba a taɓa sayen ɗan wasa da irin wannan kuɗi a Turkiyya ba, domin mafi tsada a bazarar 2024 shi ne Youssef En-Nesyri, wanda Fenerbahce ta biya wa Yuro miliyan 19.5. Ko bayan cinikin Napoli ba ta saki igiyar gaba ɗaya ba, domin yarjejeniyar ta tanadi cewa duk ranar da Galatasaray ta sayar da shi, za ta ba ta kashi 10 cikin 100 na ribar da ta samu.