Yadda ɗan kasuwa zai fita daban a Jos: amsoshin tambayoyin da aka fi yi mini

Tambayoyin nan sun maimaitu har na gaji da amsa su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na tattara su wuri guda.

Mene ne gina suna a kasuwanci?

Shi ne abin da mutane suke faɗa a kanka idan ba ka wurin.

Dole ne in yi tambari da allo mai kyau kafin a san ni?

Ba dole ba ne. A kasuwar Farin Gada akwai masu sayar da dankalin Turawa da ba su da allo ko ɗaya, amma daga Abuja ake kiran su a waya a ce su ɗora buhu goma a mota, domin an tabbatar cewa dankalin da ke gindin buhu daidai yake da na bakinsa.

Maƙwabcina ya karya farashi, ni ma in karya?

Kada ka karya, Malam. Wanda arha ta kawo maka, arha ce za ta ɗauke shi gobe. Ka zaɓi abu ɗaya da za a san ka da shi, kamar telan da ba ya saɓa alkawarin ɗinkin sallah.

Sunana zan sa wa kasuwancin ko wani suna dabam?

Wannan kam tana bukatar natsuwa, kuma amsarta ta danganta da irin sana'ar. Idan gwanintar a hannunki take, Hajiya, kamar ɗinki ko girki ko haɗa turaren wuta, sunanki ya fi saurin shiga kunne, saboda ke ake yarda da ita. Sai dai idan kina da abokiyar haɗin jari, ko kina fatan 'ya'yanki su gaji harkar, suna mai zaman kansa ya fi sauƙin rabawa da miƙawa, ko da yake yakan ɗauki lokaci kafin ya zauna a bakin mutane. Akwai kuma wadda ba ta son fuskarta ko sunanta su yi yawo a intanet, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi. Duk wanda kika zaɓa, ki sani cewa rajistar sunan kasuwanci a hukumar yi wa kamfanoni rajista ta ƙasa, wato CAC, daban take da rajistar tambari, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, don haka ki nemi shawarar lauya kafin ki buga leda dubu.

Jarina kaɗan ne, zan iya gogayya da manya?

Ka kwantar da hankalinka, za ka iya. Lokacin da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002, 'yan kasuwa da yawa sun koma gefen titi, kuma wanda aka sani da gaskiya, masu sayen kayansa sun bi shi har inda ya shimfiɗa buhunsa.

Ina tallata kaya a WhatsApp da Facebook amma ba a saye, me ya sa?

Ka daina ɗora hoton kayan wani kana cewa naka ne, ka daina sauya lambar waya kowane wata, kuma idan an tambaye ka farashi ka faɗa a fili.