Rubutun da ke bango ba bayanin aiki ba ne, shi ne aikin

Da yawa idan sun shiga gidan adana kayan fasaha suka ga rubutu a bango, sai su riƙa waige-waige suna neman zanen da ake bayani a kai. Wani lokaci babu zanen ma. Rubutun ne aikin.

A 1965 mai fasaha Ba'amurke Joseph Kosuth ya jera kujerar katako, da hotonta, da ma'anar kalmar kujera da ya kwafo daga ƙamus. Gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York na da wannan aiki. Abin mamakin shi ne, ba kujerar ce abin daraja ba. Ana iya ɗauko wata kujera a inda za a baje aikin, a ɗauki hotonta a nan, a kafa. Ma'anar da umarnin yadda za a haɗa su ne ba sa canzawa.

Lawrence Weiner ma ya fi shi tsauri: tun 1968 ya ce ba dole sai an gina aikin ba, faɗarsa ta wadatar. Ita kuwa Jenny Holzer, a 1982 allon talla na lantarki da ke dandalin Times Square na New York ta sa wa gajerun jimlolinta, masu wucewa suna karantawa a tsakanin tallace-tallace.