Jimla mai harshen damo a jarrabawar SAT: ba a soke dokar ba, ba a kuma zaftare maki a kanta

Tun da aka sauya fasalin jarrabawar GMAT wata magana ke yawo tsakanin ɗalibanmu masu neman gurbin karatu a Amurka, wai an daina tambayar gyaran jimla, don haka ba sai mutum ya wahalar da kansa da nahawun Turanci ba. Wasu kuma tsorata juna suke yi, wai duk amsar da ka kuskure sai an zaftare maka maki. Duka biyun da gyara.

Gaskiya ne hukumar GMAC ta fito da sabuwar GMAT a Nuwamban 2023, ta rufe tsohuwar a ƙarshen Janairun 2024. A sabuwar, sashen harshe tambayoyi 23 ne cikin minti 45, kuma babu gyaran jimla a ciki. To amma GMAT ta masu neman digiri na biyu ce a fannin kasuwanci. Wanda ya gama sakandare yake shirin SAT ko ACT, wato jarrabawowin neman shiga jami'a, dokar nahawun da ke hana jimla yin harshen damo na nan daram a kansa.

Ita dokar ba ta da tsawo: duk kalma ko yankin jimlar da ke bayani a kan wani abu, to ya zauna kusa da abin, ta yadda mai karatu ba zai ɗora bayanin a kan wani ba. Inda take kayar da mu shi ne farkon jimla, kuma ina ganin dalilin yana cikin Hausarmu. Idan na ce "Ina tafiya makaranta sai ruwa ya sauko", babu mai tambayar wa ke tafiya, domin "ina" ta riga ta faɗa. Aikatau a Hausa ba ya fita sai da ɗan rakiyarsa: ina, kana, tana, muna. Shi kuwa "walking" na Turanci shi kaɗai yake zuwa, babu mai shi, sai ya ari sunan da ya fara cin karo da shi bayan waƙafi. Saboda haka ɗalibin da ya juya tunaninsa na Hausa ya rubuta "Walking to school, the rain started", a wurin mai jarrabawa cewa ya yi ruwan sama ne ke tafiya makaranta. Gyaran ɗayan biyu ne: ko a kawo mai tafiyar bayan waƙafin, "Walking to school, I was caught in the rain", ko a ba farkon jimlar mai aikinsa, "As I was walking to school, the rain started".

A SAT yawanci ba ka da zaɓi na biyun. Za a ba ka farkon jimlar a kulle, a bar gurbi bayan waƙafi, a jera maka amsoshi huɗu. Aikinka ka tambayi kanka wa ke yin wannan abu, sannan ka duba kalmomin farko na kowace amsa. Tarkon da aka fi ɗanawa shi ne na mallaka. "Running for the bus, Musa's bag fell" tana kama da daidai tunda ga sunan Musa nan manne da waƙafi, alhali jakar Musa ce aka sa gaba, ba Musa ba, kuma jaka ba ta gudu. Mai gaggawa da ya hangi sunan sai ya danna ya wuce.

Nan ma akwai wata gurguwar fahimta, cewa duk jimlar da ta fara da kalma mai ƙarewa da "ing" kuskure ce. Ba haka ba ne. Muddin mai aikin ne ya biyo bayan waƙafi, lafiyarta ƙalau. Akwai ma 'yan kalamai irin su "generally speaking" da "judging by" da amfani ya riga ya wanke su, ba a neman mai aikinsu.

Akwai wasu nau'o'in kuskuren guda biyu, amma ba su kai wannan rikici ba. Akwai kalmar da ke zama a tsakiya tana kallon gaba da baya, kamar "Students who revise often pass": yawan bita ake nufi ko yawan cin jarrabawa? Wannan ita ce harshen damo ta ainihi. Sai kuma "only", wadda Bahaushe bai kamata ya sha wahalarta ba, tunda ya san bambancin "Musa ne kaɗai ya ci shinkafa" da "shinkafa kaɗai Musa ya ci". Abin lura kawai, tamu bayan kalma take zuwa, tasu kuwa a rubutun jarrabawa gabanta ake so.

Batun hukunci fa? Hukumar College Board mai shirya SAT ta daina cire rubu'in maki kan amsar da aka kuskure tun 2016, don haka barin tambaya babu amsa asara ce tsagwaronta. Sai dai kada a ɗauka kuskure ba shi da farashi. Tun da SAT ta koma kwamfuta, a 2023 a wajen Amurka, a 2024 a cikinta, sashen karatu da rubutu tambayoyi 54 ne cikin minti 64, an raba su zango biyu. Ƙoƙarinka a zangon farko shi ke zaɓa maka na biyun, mai tsauri ko mai sauƙi, kuma wanda aka tura mai sauƙin ba zai iya kaiwa ƙololuwar maki 800 ba. Kurakurai a zangon farko ke nan suna iya jawo maka abin da ya fi asarar tambayoyin kansu.

Ko dokar tana da adalci? Ni dai ina da ja. Turawan da aka haifa cikin harshen suna karya ta kullum a baka da jarida, kowa kuma na gane su. Shi kansa Shakespeare, a wasan Hamlet, ya sa fatalwar sarki ta ce "sleeping in my orchard, a serpent stung me", ba a taɓa jin wanda ya zaci macijin ne ke barci ba. Amma a ce yaron da Turanci harshensa na biyu ne ko na uku ya rasa maki a kan irin wannan. Abin da ke ɗan sanyaya mini rai shi ne tana cikin 'yan dokokin da ba sa buƙatar kunnen ɗan asali: ɗan Funtuwa da ɗan Landan duk tambaya ɗaya za su yi wa jimlar, wato wa ke tafiyar nan.